Wankan Shafa'atu

Duk wanda ya san garinmu, nan tsakanin Bakori da Malumfashi, ya san ni. Ni ce Inna Hafsatu. In mace ta yi ciki a unguwa, ina rigan mijinta sani. In an yi cacar baki a wani gida da safe, kafin la'asar labarin ya isa bakin rijiya, kuma ba na musu, da ƙafata yake zuwa. Mata suna zagina a bayan ido, amma ina sallama za ka ga an jawo tabarma da sauri, ana cewa, "Inna, zauna mana, me gari yake ciki?" Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, sai 'yar Islamiyyar matan aure da na leƙa da tsufana. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri da ni.

Aikina wankan gawa. Wajen gwaggona na gada, kuma duk macen da ta mutu a garin nan ta hannuna take bi. A nan ne kaɗai bakina yake da ƙulli. Ranar da gwaggo ta fara shiga da ni ɗakin wanka, sai da ta murɗe mini kunne, ta ce abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci ba na bakin rijiya ba ne, da shi za a binne ta. Na riƙe wannan. Ni da ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai sai na ba da labari, na ga abubuwa a jikin matan garin nan da ban taɓa furtawa ba.

Shafa'atu ta rasu da hantsi, ana tsakiyar kaka, masara ta cika ko'ina. Matar Lawal ce, mai injin sussukar masara. Lawal mutum ne mai fara'a a waje. Shi ya sa wa masallacin unguwa sola, kuma in ya gamu da tsohuwa irina har ƙasa yake durƙusawa. 'Ya'yansu biyu, Yasmin da ba ta daɗe da shiga firamare ba, da Mahadi da aka yaye ba da jimawa ba. Akwai kuma ƙaramin ciki a jikin Shafa'atu.

Aka ce ta hau soro za ta shanya masara, tsani ya zame da ita.

Maƙwabtansu sun san wani abu da ba a faɗa da ƙarfi. Injin Lawal a ƙofar gidansa yake kwana. In ka ji ya tashi yana ruri alhali babu buhu ko ɗaya a wurin, to washegari Shafa'atu ba za ta fito ɗiban ruwa ba. Har mata sun mayar da abin wasa, sai ka ji wata ta ce, "Yau ma ana sussuka a gidan Lawal," a yi 'yar dariya, kowa ta koma kan murhunta. Ranar da ta rasu ma injin ya tashi da safe.

Aka aiko mini. Na tafi da Baturiya, ƙawata ce tun muna amare, ita take zuba mini ruwa in ina wanka. Muka tarar an dafa ruwa da ganyen magarya, an kawo kafur, ana ɗinkin likkafani a zaure. Muka rufe ƙofa.

Mai wanka ba da ido take aiki ba. Ana lulluɓe mamaciya da zani, ki naɗe hannunki da ƙyalle, ki bi ta ƙarƙashi. Hannu ne yake gani. Da na zo haƙarƙarinta na dama, sai na ji yana motsi ƙarƙashin tafina kamar karan dawa da shanu suka taka. Na ce to, faɗuwa tana yin haka. Muka juya ta. Gadon bayanta duk shatata ne, wasu sun warke sun yi baƙi, wasu ɗanye, kuma faɗinsu ɗaya da bel ɗin inji. Na ci gaba. Da na cire ɗankwali zan warware kitso, na ɗaga haɓarta, sai ga shatin yatsu a wuya, jere a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen.

Na wanke wadda ta faɗo daga mashin. Na wanke wadda ta faɗo daga bishiyar ɗorawa, har da wadda aka ciro daga rijiya. Ban taɓa ganin tsani mai yatsu ba.

Na ɗaga kai na dubi Baturiya. Ta kawar da kai.

"Kin gani?" na ce.

"Ruwa nake zubawa, Hafsatu. Ki yi aikinki."

Daga waje muka ji muryar Lawal, a sanyaye, irin ta wanda aka yi wa rashi. "Inna, a taimaka a hanzarta. An gama kabari, rana tana yi."

Na yi mata kitso uku, na shafa mata kafur, muka naɗe ta. Kafin azahar an rufe ta. Mutane suna yaba wa Lawal da bai bar gawa ta jira ba.

Mahaifinta Malam Tanimu yana zaune wajen karɓar gaisuwa, idonsa a bushe. Shafa'atu 'yar fari ce a wurinsa, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Tun mahaifiyarsu tana raye, in Shafa'atu ta yo yaji, ko kallon fuskarta ba ya yi. Kafin ta sauke goyo ya fito da mashin, ya ce ta hau. Kada a ce Tanimu ya goyi bayan 'yar fari. Mutanen gari suna kiran wannan kunya, suna yaba masa.

Na kama bakina har aka yi sadakar arba'in. Abinci ba ya mini daɗi, ko gulma na je yi sai in ji ba ta da gishiri.

Sai labari ya fito, kuma wannan karon ni aka riga ji. Wai Malam Tanimu zai maye wa Lawal gurbi da Fiddausi, ƙanwar marigayiya, don kada zumunci ya yanke, don kuma yara su tashi a hannun jininsu. Maza suna ta sa albarka a ƙofar masallaci.

Fiddausi ba yarinya ba ce. Ta yi aure a Funtua, bai yi daɗi ba, ta dawo gidan ubanta ba ɗa, ta sayi keken ɗinki tana rufa wa kanta asiri. Ba wanda ya tilasta mata. An tambaye ta, ta ce ta yarda. Muna wasa da ita sosai, don kakarta ƙawata ce. Na ɗauki wani tsohon zanina na tafi wai a yi mini faci.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan keke. "Yau kuma auren wa kika kashe?"

"Naki na zo kashewa, 'yar nema. An ce kin ga Lawal kin rikice."

"Ke kika gan shi. Kullum yana durƙusa miki, hala ke yake so."

"Allah ya tsare ni. Mutumin da minsharinsa ya fi injinsa ƙara? Ga warin ƙafa. An ce ma yana da wata a Funtua, mai sayar da shinkafa a tasha."

Ta yi dariya har ta saki zanin. Can dariyar ta tsaya. Ta ce, "Inna, ba soyayya ce za ta kai ni ba. Yasmin ta koma fitsarin kwance tun rasuwar Yaya. Mahadi ko tuwo aka ba shi sai ya riƙe a baki. In ban shiga ba, wata zai kawo, wadda ba ta san ciwonsu ba. Gara ni."

Na karɓi zanina na fito. Na gane ƙaryar wasa ba za ta yi aiki ba, gaskiyar kuma an ɗaure mini ita.

Washegari da hantsi na je wurin limaminmu, Malam Awaisu. Na same shi a zaure yana gyara carbinsa da ya tsinke. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni. Wata ce a wani gari can wajen Matazu."

"Inna Hafsatu, ke kullum wata ce a wani gari. Ina ji."

"Mai wankan gawa ce. Ta ga abu a jikin mamaciya. Ya halatta ta faɗa?"

"In aibi ne na mamaciyar, ta rufe. Amana ce."

"In ba aibinta ba ne fa? In wani ne ya yi mata, kuma yana nan da ransa, kuma ana shirin ba shi wata?"

Ya ajiye carbin. Ya ce, "Abin da aka ce a rufe, asirin mamaci ne. Ba a ce a rufe zaluncin mai rai ba, balle in ana tsoron ya maimaita." Ya kalle ni. Na ga lokacin da ya gane garin ba Matazu ba ne. Muryarsa ta sauka. "Tana da shaida, ita mai wankan?"

"Akwai mai zuba ruwa."

"In mai zuba ruwa ba ta tsaya mata ba, maganarta ƙazafi za ta zama a idon mutane. Ki gaya mata ta yi tunani." Ya ɗauki carbin ya sake ajiyewa. "Ki kuma gaya mata wani abu. In don yara ne ake wannan auren, ba sai an yi shi ba. Uwa in ta rasu, riƙon ƙananan yara na danginta ne. In babu kaka ta wajen uwa, ƙanwar uwa ce. Haka yake a littafi. Mu ne muka saba barin su wurin uba."

"Malam zai faɗi haka a gaban mutane?"

"In an tambaye ni hukunci, zan faɗi hukunci. Abin da ban gani ba kuwa, ban gani ba."

Daga nan na wuce gidan Baturiya. Tana ɓarar gyaɗa. Tun kafin in zauna ta ce, "Na san abin da ya kawo ki. A'a."

"Baturiya, ke kika riƙe mini kanta."

"Ɗana Mannir a injin Lawal yake aiki. Da shi muke ci, da matarsa, da 'ya'yansa. Wadda ta tafi ta tafi, Hafsatu. Ko kin yi magana ba za ta tashi ba."

"Ba ita nake so ta tashi ba. Ɗayar nake so kada ta kwanta."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ko ruwa ba ta ba ni ba.

Aka sa ɗaurin aure ranar Juma'a mai zuwa, tunda bazawara ce babu dogon shiri. Na koma wurin Fiddausi da rana tsaka, lokacin da ubanta yake gona. Tana ɗinka wa kanta atamfar tarewa. Na shiga na saki labule.

"Yau ba faci?" ta ce.

"Tashi tsaye."

Ta dube ni, ta ga ba wasa a fuskata, ta tashi. An hana kwatanta ciwo a jikin mai rai, tun muna yara ake buge mana hannu a kan haka. Ni dai na kwatanta. Na ɗora tafina a haƙarƙarinta na dama, na ce, "Nan a karye yake." Na juya ta, na ja yatsana a gadon bayanta, daga kafaɗa zuwa ƙugu, na sake ja, na sake ja. Na ce, "Nan bel ne. Wani ya warke, wani bai warke ba." Sannan na juyo da ita, na buɗe hannuna na ɗora a wuyanta, a hankali, yadda shatin yake.

Na ji maƙogwaronta yana motsi a cikin tafina. Ta kama hannuna ta sauke, ta zauna a bakin gado.

"Duka na sani," ta ce. "Ta sha nuna mini. Ni nake gasa mata jiki in ta zo." Ta ɗago ta dube ni. "Amma an ce tsani ne."

"An ce."

"Inna, ki rantse."

Na rantse mata. Ta daɗe tana kallon atamfar da ke kan keke. Na zaci kuka za ta yi, amma ba ta yi ba. Abin da ta ce ya fi kuka tayar mini da hankali.

"To yanzu ne ma ya zama dole in shiga. In bar su Yasmin da shi su kaɗai?"

"Yayarki tana cikin gidan, ta tsare su? Ko kanta ba ta tsare ba. Ke ƙarfe ce?"

"Ni ba zan tsaya ya dake ni ba."

"Ita ma ba tsayawa ta yi ba. Faratanta duk a karye suke." Na zauna kusa da ita. "Fiddausi, ni na wanke kakarki, na wanke uwarki, na wanke yayarki. Ke ce ya kamata ki tsaya a kaina ranar tawa. Kada ki sa in shigo miki da ganyen magarya."

Sannan na gaya mata abin da Malam Awaisu ya ce a kan riƙon yara. Ta sa na maimaita. Ta ce ba ta taɓa jin an ƙwace yara daga hannun uba a garin nan ba. Na ce ni ma ban taɓa ji ba, kuma in ni ban ji ba to ba a yi ba, amma Malam ya ce yana cikin littafi.

Da ubanta ya dawo daga gona ta gaya masa ta fasa. Ya tambayi dalili, ta faɗa. Ya tambayi wa ya gaya mata, ta faɗa. Washegari bayan la'asar aka aiko in zo zauren Malam Tanimu.

Na tarar da shi, da Malam Awaisu, da mai unguwa, da Lawal cikin farar shadda, da wasu dattawa biyu daga danginsa. Fiddausi tana daga ciki, bayan ƙofar da ta shiga tsakar gida, ana ganin gefen hijabinta. Tsohuwa irina ba a hana ta zauren maza. Na zauna daga gefe.

Mai unguwa ya ce, "Inna Hafsatu, an ce kin yi wata magana. Muna so mu ji daga bakinki."

Na faɗa. Ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Haƙarƙari, baya, wuya. Malam Tanimu yana kallon bango.

Lawal bai ɗaga murya ba. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, Inna uwata ce, ba zan yi musu da ita ba. Amma kowa a nan ya san ta. Ba ita ta ce matar Aƙilu tana da ciki alhali mijinta yana kudu ba, ashe kumburi ne, har sai da aka yi mata aiki? Ba ita ta ce an ga Almustapha da akuyar mutane a kasuwa ba, ashe tasa ce? Ni ma kwanan nan ta ce ina da mata a tashar Funtua."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya ta hanci. Gaskiyarsa, duk na faɗa, ta Funtuar ma ba Fiddausi kaɗai na gaya wa ba.

"Ina cikin zafin rashin matata," Lawal ya ci gaba, "ga marayu a gabana. In tsufa ne ya kawo wannan, na yafe. Amma ai ba ita kaɗai ta yi wankan ba."

Aka aika aka kira Baturiya. Ta tsaya daga waje, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mai unguwa ya tambaye ta. Ta ce, "Ni ruwa na zuba. Ban ga komai ba sai abin da faɗuwa take yi." Ta juya ta tafi, ba ta dubi inda nake ba.

Mai unguwa ya ce, "To kun ji." Ya juyo gare ni. "Inna, amanar gawa kika ci, kuma kika ɗora wa mutum kisa ba shaida. Ba don shekarunki ba da maganar ta wuce nan."

Sai Malam Tanimu ya yi magana, bai juyo daga bangon ba. "Yarinyar nan kwananta ne ya ƙare. Ba wanda zai tona mini ita da baki bayan an rufe ta. Na ba da Fiddausi, kuma ban saba magana biyu ba. Juma'a za a ɗaura."

Na dubi Malam Awaisu. Yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan.

Daga bayan ƙofa muryar Fiddausi ta fito. "Baba, ka yi haƙuri. Ina da tambaya ga Malam."

"Koma ciki."

"Allah gafarta Malam, bazawara ana ɗaura mata aure ba da yardarta ba?"

Carbin ya tsaya. Kowa ya juya wurin liman. Ya ce, "Ba a yi. Sai ta furta da bakinta."

"To ban yarda ba. Ni na gasa wa Yaya bayanta da hannuna, ba sau ɗaya ba. Baba, kai ma ka sani, a kan mashin ɗinka kake mayar da ita tana kuka. Ban yarda ba."

Malam Tanimu ya miƙe kamar zai shiga ya same ta, sai kuma ya koma ya zauna.

Lawal ya tashi ya kaɗe rigarsa. Har lokacin da murmushi a fuskarsa. Ya ce, "Ba komai, Baba. Aure nufin Allah ne. Sai dai tunda ni mai kisa ne, kada in ƙara ganin ƙafar kowa daga gidan nan a wurin 'ya'yana." Ya durƙusa ya yi wa dattawa sallama, har da ni. Da ya zo saitina ya ce, "Inna, Allah ya ƙara lafiya." Idonsa ne kawai bai yi murmushin ba.

Juma'a ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba. Kafin ta zagayo, Lawal ya kwashe yaran ya kai Dandume wurin danginsa.

Fiddausi ta sami labarin wasu mata lauyoyi a Funtua da suke tsaya wa mata irinta. Muka hau mota tare. Suka saurare ni har na gama, ba wadda ta yi dariya, har ɗaya ta kawo mini ruwa. Suka ce maganar kisa tana da wuya, tunda likita bai duba gawar ba kafin a rufe, kuma mai zuba ruwa ta musa. Sai dai in za a nemi a buɗe kabari, shi ma sai mahaifinta ya tsaya. Da aka kai wa Malam Tanimu wannan magana, cewa ya yi sai dai a fara haƙa nasa. Ɗaya daga cikin lauyoyin ta ce mini, da a ranar na ƙi naɗe ta, na ce sai an kira likita, da wata maganar ake yi. Na ce mata a garinmu ba a taɓa tsayar da gawa ba. Ta ce ta sani.

Maganar yara kuwa suka shigar kotun shari'a. Aka yi ta zuwa ana dawowa har aka fara sharar gona. Daga ƙarshe alƙali ya ce riƙo na ƙanwar uwa ne, uba ya kawo su, ciyarwa kuma tana kansa.

Lawal ya kawo Mahadi. Ya rame, kansa duk ƙuraje. Yasmin kuwa, ya ce wata ƙanwarsa ta tafi da ita Kaduna, lambarta ba ta shiga, amma ana nema. Lauyoyin sun koma kotu a kan haka. Har yau da nake rubutun nan ana nema.

Ni kuma mai unguwa ya aiko a gaya mini mutane ba sa so in ƙara taɓa musu gawa. Baturiya ce take wanka yanzu, surukarta tana zuba mata ruwa. In na shiga gida ana shimfiɗa mini tabarma har yanzu, amma sai in ga ana janye hira. Mata biyu ne suka biyo ni a ɓoye, kowacce daban, suka ɗaga riga suka nuna mini bayansu. Na faɗa musu inda ofishin matan nan yake a Funtua. Ɗaya ta je. Sunayensu kuwa ba za ku ji a bakina ba.

Lawal ya yi aure da damina. Daga wani ƙauye can bayan Matazu ya ɗauko amaryar, inda ba a san mu ba. Na aika saƙo ta bakin wata mai sayar da daddawa da take cin kasuwar wajen. Ta dawo ta ce sun ji, sun ce sharrin dangin tsohuwar mata ne.

Malam Tanimu ba ya amsa gaisuwar Fiddausi. Tana dafa masa abinci, yana ci, ba ya ce mata komai. Amma ranar nan na gan shi ya ɗauki Mahadi a kafaɗa zuwa masallaci.

Jiya na leƙa ta. Tana kan keke, Mahadi yana barci a bayanta. Wata 'yar riga take ɗinkawa mai ruwan ganye, ta sallah.

"Ta wa ce?" na ce.

"Ta Yasmin."

"Da wane awo?"

"Na bara na ɗauka, na ƙara kaɗan." Ta ɗaga rigar tana dubawa. "Inna, yara a shekarunta suna saurin tsawo, ko? Kina ganin in ƙara a ƙasa?"

Na ce ta ƙara. Ta warware lanƙwasar, ta sake sa ta ƙarƙashin allura.